Sunan da Ke Cikin Gwangwani

Har yau idan na ji ƙarar kunna hitar gas, wannan ƙas-ƙas ɗin kafin wuta ta kama, sai in ga Iya zaune a kan dardumarta ta miƙe ƙafafu, kowace ƙafa da safa biyu. Iya kakata ce, ita ta haifi Mama. Daga Kano aka ɗauko ta ina 'yar shekara biyar, don ta riƙa zama da ni a gidanmu na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, da ke unguwar Camberwell a London, hawa na uku, saboda Mama nas ce a babban asibitin unguwar, Baba kuma yana tuƙin bas. Da niyyar wata shida ta zo. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya, kuma ban san ranar da ta wuce ba ta gaya wa London wata baƙar magana ba. Garin da rana ke fitowa kamar an tilasta mata, in ji ta, ba gari ba ne.

Abu ɗaya ne sanyin garin ya yi mana na alheri. Iya ba ta yin tatsuniya da rana, ko da za a yanka ta. Ban taɓa sanin abin da zai faru ba idan an yi, domin in na tambaya sai ta ce, "Ke dai ba a yi." To a London, lokacin sanyi, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Ina dawowa daga makaranta ta riga ta yi sallar magariba, sai ta leƙa taga ta ce, "To, Allah ne ya kawo dare da wuri, ba ni ba." Ta kunna hita, ta zuba mini shayi mai citta, mu zauna gaban wutar nan shuɗiya da jakar makarantata ko ajiye ta ban yi ba. Da zafi kuwa, da rana ke kaiwa ƙarfe tara, sai in yi wata uku ban ji ko ta gizo ba.

Baturiya take kirana, domin da Hausa take yi mini magana ina amsa mata da Turanci. Ina jin kusan duk abin da take faɗa, amma bakina ya ƙi. Ta yi faɗan har ta gaji ta koma tsokana.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su, wasu kuma sun cakuɗe mini. Amma akwai ɗaya da ba daga Kano ta zo da ita ba. A ƙasan benenmu ta samo ta, a wajen wata tsohuwa 'yar ƙasar Sifen mai suna Pilar, wadda ke zaune ita kaɗai a hawa na ƙasa. Mijinta Bature ne, ya daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Madam Pilar ta shigo Ingila tun tana yarinya, amma tsufa ya sa Turancin yana zame mata, tana komawa harshen uwarta. Iya kuwa Turancinta bai wuce na sayen madara da zagin direban da ya ƙi tsayawa ba. Duk da haka matan nan biyu sai su yi awa biyu a kicin ɗin Madam Pilar suna hira. Da hannu suke yi, da ido, da kwaikwayo. Na taɓa shiga na tarar da Madam Pilar ta hau kujera tana juya hannu a iska kamar mai niƙa, Iya na gyaɗa kai tana cewa, "Allah sarki, Allah sarki."

Labarin mahaifiyarta take ba ta. Shi ne Iya ta ɗauko guntu-guntu, ta hau da shi bene, ta cike guraben da abin da ta sani, ya zama tatsuniya. Ba ta buɗe shi yadda take buɗe sauran. Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ga wata baƙuwa nan daga bakin teku, a matsa mata ta zauna." Ni kuma in ce, "Okay." Ta harare ni, ta ci gaba.

Wai a wani gari na masunta a ƙasar Sifen, tun lokacin da majigi bai iya magana ba, sai dai mutane su yi ta motsa baki a jikin bango, an yi wata yarinya 'yar mai ɗinki. Yatsunta sirara ne, ba ta taɓa yanka yadi ya karkace ba. Da ta taso sai ta sami aiki a gidan da ake haɗa majigi, ita ce mai yanke zaren fim da almakashi tana manna shi, wannan hoto bayan wancan, har labari ya tashi. Maza su ɗauko hoto, ita ta zauna a ɗaki mai duhu ta gyara musu ɓarnarsu. Shekara da shekaru tana wannan, har ta gane cewa abin da suke yi bai fi ƙarfinta ba.

"Sai ta ce ita ma za ta yi nata," in ji Iya. "Mace fa, Baturiya. A zamanin da ko kallon ba a bari mu yi."

A nan Iya take tsayawa kullum ta sako nata labarin. Tana yarinya a Kano an taɓa kawo majigi filin unguwarsu, aka haska a jikin wani farin ƙyalle. Maza da yara maza suka cika wurin. Ita da yayarta suka hau soro suka kwanta rub-da-ciki, daga can suke hango rabin ƙyallen, rabin kuma wata bishiya ta kare. Ta ga ƙafafun doki da rabin mutum. Ta sha duka a kan wannan rabin mutumin, kuma ta ce ba ta yi da-na-sani ba. Saboda haka a wajenta macen da ta tsaya bayan na'urar da kanta ta wuce a kira ta da suna. Mai Majigi take ce mata.

Mai Majigi ta sayar da keken ɗinkin da uwarta ta bar mata, ta yi hayar na'urar ɗaukar hoto da wani mutum mai juya ta. Ba ta nemi 'yan wasa ba. Matan masunta ta tara, masu gyaran koma a bakin ruwa, ta ce su yi abin da suka saba yi. Labarin wata mata ne da mijinta da ɗanta suka fita kamun kifi, hadari ya taso, kwale-kwalen kowa ya dawo ban da nasu. Kullum sai matar ta hau wani dutse ta tsaya tana duban ruwa. Mutane suka yi mata ta'aziyya, ta ƙi karɓa. Aka kawo mata baƙaƙen kayan takaba, ta mayar. A bakin Iya matan Sifen ɗin nan har tuwo suke tuƙawa, kuma akwai wata maƙwabciya mai gulma wadda na tabbata daga Kano aka ɗauko ta. Ban damu ba. Ina ganin dutsen a cikin wutar hita, da matar a kansa.

Da aka gama, masu gidajen kallo suka gani suka ce ya yi kyau. Amma suka ce ba wanda zai biya kuɗi ya kalli aikin mace, sai dai a sa sunan mutumin da ya juya na'ura. In ba haka ba, ta kwashi kayanta. Sunanta kuwa ya riga ya hau, a farkon fim ɗin, da manyan haruffa.

"Kin san wa aka sa ya cire?" Iya takan tambaye ni, ko da yake na ji sau ashirin. "Ita. Ai ita ce mai almakashi. Da hannunta ta zauna ta yanke sunanta daga kowane kwafin fim ɗin, ta manna na wani ƙato. Amma da ta zo kan na ƙarshe sai ta ajiye almakashin. Ta naɗe shi yadda yake, ta sa a gwangwani, ta kai gida."

Bayan wasu shekaru yaƙi ya ci ƙasar. Gidan da ake ajiye fina-finan ya ƙone da duk abin da ke ciki. Aka zo kwashe yara a jirgin ruwa zuwa Ingila, Mai Majigi ta kai 'yarta tilo bakin jirgi, ta naɗe gwangwanin a mayafinta ta ɗora mata a hannu. Ta ce za ta biyo ta. Ba ta biyo ta ba. Yarinyar ita ce Madam Pilar ta hawa na ƙasa, wadda ke ba ni biskit mai taushi.

A nan nake fara ƙorafi. Ni kwale-kwalen ne ya dame ni. Ya dawo ko bai dawo ba? Madam Pilar sau ɗaya aka taɓa nuna mata fim ɗin, tana ƙarama sosai, kuma barci ya ɗauke ta kafin a kai ƙarshe. Ba ta sani ba, saboda haka Iya ma ba ta sani ba, kuma Iya da ke iya ƙirƙiro wa kura surukai bakwai ta ƙi ƙirƙiro wannan. Sauran tatsuniyoyi tana rufe su yadda kowa ya sani. Wannan kuwa sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Sauran yana cikin gwangwani." Ta tashi ta ɗora tukunya.

Na ga gwangwanin da idona a lokacin. Faffaɗa ne kamar murfin babbar tukunya, ya yi tsatsa a gefe, an zagaye bakinsa da wani tsohon tef. A ɗakin ajiyar abinci Madam Pilar ke ajiye shi, a ƙasa kan siminti, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Ba ta da na'urar da za ta haska shi, kuma tana tsoron in ta kai wa hukuma za a karɓe ba za a dawo mata da shi ba. Ranar nan na tambaye ta da Turanci, kai tsaye yadda yaran London ke yi, mene ne sunan mamanta. Kafin ta buɗe baki na ji Iya ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya bar shaida har kwana uku.

"Marar kunya! Sunan uwar mutum kike tambaya? Sa'arki ce?"

Madam Pilar ba ta ji Hausar ba amma ta ga fuskata. Ta yi dariya, ta ƙwanƙwasa gwangwanin da yatsa ta ce sunan na nan ciki, wata rana zan gan shi babba a jikin bango. Ban sake tambaya ba. Iya kanta ko da Madam Pilar ta taɓa faɗa mata sunan, na san ta bar shi ya wuce ta bayan kunne, domin a tarbiyyarta ba a riƙe sunan babba a baki. Sunan mijinta ma, kakana, ban taɓa ji daga bakinta ba.

Ina shekara goma Madam Pilar ta faɗi a ƙofar gidanta ta karye a ƙugu. Daga asibiti aka ce gidan kula da tsofaffi za a wuce da ita, council kuma za ta kwashe kayan gidan. Aka kawo ta a keken guragu ta zaɓi abin da za ta ɗauka. Ta sa aka kira Iya, ta sa aka ɗauko gwangwanin, naɗe a cikin wani baƙin mayafi da asu ya huhhuda. Ta ɗora shi a hannun Iya ta riƙe hannuwan duka biyu. Ta ce da guntun Turancinta, Hajiya ta ajiye, wata rana wani zai zo daga can ya nema.

Iya ta ce, "Na karɓa. Amana ce, Allah ya ba ni ikon riƙewa." Ban fassara ba, ba a bukata. Kafin sanyi ya sake zagayowa Madam Pilar ta rasu.

Yanzu sai in faɗi yadda Iya ta riƙe amanar, kuma ina roƙon kada wanda ya yi mata dariya, domin ni kaɗai ke da wannan izinin. A shekararta ta farko a London ta ajiye akwatin kayanta a jikin bangon ɗaki. Da ta buɗe bayan sanyi ya wuce, atamfofinta na biki da wani saƙin da ta gada wajen uwarta duk sun yi fumfuna, baƙi-ƙirin. Ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Tun daga ranar ta yanke hukunci cewa maƙiyin kaya a garin nan danshi ne, maganinsa kuma zafi. Akwai wani ɗan kabad a gidanmu inda tukunyar ruwan zafi take, kullum ɗumi kamar cikin tanda. Nan take ajiye duk abin da take ji da shi: fasfonta, Alƙur'aninta na tafiya, likkafanin da ta yo tsaraba daga Makka. Nan ta kai gwangwanin, ta sa shi a jikin tukunyar sosai, wurin da ya fi ko'ina daraja.

"Baiwar Allah ta bar shi a kan siminti shekara da shekaru," in ji ta. "Rashin gata ne. Yanzu ya zo hannun masu kula."

Idan zafi ya zo kuma, ranar da rana ta fito da gaske, sai ta fitar da shi baranda tare da zannuwanta ya sha rana, kamar yadda ake shanya hatsi. Bayan wasu shekaru wani wari ya fara fitowa daga kabad ɗin, mai tsami mai hawa kai. Mama ta ce a buɗe a duba. Iya ta ce amana ba a buɗe ta, ba namu ba ne, mai shi na zuwa. Ta ce danshi ne ya biyo shi har nan, ta ƙara masa wani zanen, ta riƙa turara kabad ɗin da turaren wuta kowace Juma'a. Duk wanda ya buga ƙofa da baƙuwar fuska, ko mai karanta mita ne, sai ta leƙo ta duba ko ya yi kama da mutumin Sifen. Ba wanda ya zo.

Ni kuma na girma. Tatsuniya ta zama abin yara, hitar gas ma aka cire aka sa ta bango. Na yi karatu, na yi aure, na koma Plumstead, na sami aiki a wani ofis a Aldwych. Na san gwangwanin na nan. Sau nawa na ce a raina wata rana zan bincika inda ake kai irin wannan, sai wani abu ya taso. Wannan laifin ba na Iya ba ne, nawa ne, domin ni ce mai Turancin da wayar da sanin hanya.

Wata rana wata abokiyar aikina ta ja ni wani jawabi da ake yi kusa da ofis lokacin hutun cin abinci, a kan tsofaffin fina-finai. Don rakiya kawai na je. Mai jawabin ta ce fim na wancan zamanin da wani sinadari aka yi shi wanda ke cin kansa a hankali, kuma yana iya kamawa da wuta. Abin da ke tsawaita ransa sanyi ne. Abin da ke kashe shi da sauri zafi ne, kuma alamar ya fara mutuwa ita ce wari mai tsami. Ban ji sauran jawabin ba. Na fita na tsaya a bakin titi, bas-bas na wucewa.

A lokacin Iya ta kwanta ciwo, ba ta iya sauka daga gado sai an kama ta. Na zauna kusa da ita na ce na samo mutanen da aikinsu ke nan, masu adana tsofaffin majigi, za su iya fito da shi a gani. Ban ce komai a kan zafi ba. 

"Ba su ne aka ce za su zo ba," in ji ta.

"Iya, ba mai zuwa. It's been twenty years."

"Na sani, Baturiya. Ni ma na kusa tafiya, kuma ba na so in tarar da matar nan da kayanta a hannuna. Kira su. Amma ki ce musu su kama shi da hannu biyu."

Mutum biyu suka zo da wani akwatin ƙarfe da safar hannu. Da suka ga inda yake, ɗayan ya dubi ɗayan, sai a bakin ƙofa ya gaya mini a hankali cewa mun yi sa'a benen bai tashi da wuta ba. Bayan mako biyu wata mata daga wurinsu ta kira ni na je. Ta nuna mini hoton abin da suka tarar. Rabin naɗin ya narke ya dunƙule kamar ɗanko, rabin ya zama gari ja-ja kamar garin tattasai. Farkon fim ɗin, inda sunan yake, yana daga waje, shi ya fara tafiya. Ba su sami ko hoto ɗaya ba. Ta ce da an bar shi a wuri mai sanyi, wataƙila da an tsira da wani abu. Na ba ta sunan Madam Pilar na aure, wanda na Bature ne, suka bincika, ni ma na bincika, ba mu kai ga komai tabbatacce ba.

Daga can na wuce Camberwell. Lokacin sanyi ne, ƙarfe huɗu da rabi, gari ya yi duhu. A cikin bas na shirya ƙaryata tsaf. Na shiga na tarar Iya ta yi sallarta a zaune, tana jan carbi. Ta dube ni ta ce, "To? Kwale-kwalen?"

Na zauna a bakin gado, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ba ta labari da Hausa, da karyayyiyar Hausata ta London. Na ce na gani da idona. Na ce matar tana kan dutse, gari ya waye, sai ga wani ɗigo can a kan ruwa, yana girma yana girma. Na ce ɗan ne ke tuƙi, uban na kwance a ciki da rai. Na ce matan masunta sun zubar da komarsu sun ruga cikin ruwa har ƙugu. Iya ta lumshe ido tana murmushi, sau biyu ta gyara mini kalma ba tare da ta buɗe idon ba. Na ɗauka na tsallake.

Sai ta ce, "Sunan fa? Ya fito babba?"

"Ya fito."

"Yanzu kam faɗa mini. Na tsufa, na kusa kai shekarunta, zan iya ji."

 Kwale-kwale na iya ƙirƙirowa, amma na kasa ɗora wa matar nan sunan ƙarya bayan abin da aka riga aka yi mata. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan bargonta. Iya ta bar jan carbin.

"Babu komai a ciki ko?"

Na girgiza kai.

"Danshi ne?"

Da na ce e, da ta mutu da kwanciyar hankali. Na yi shiru daƙiƙa ɗaya fiye da yadda ya kamata, ita kuma ba a yi mata shiru ta kasa karantawa, mace ce da ta yi shekara biyar tana hira ba harshe.

"Zafin ne," in ji ta a hankali. "Inna lillahi. Ashe shekara ashirin ina dafa amanar mutane."

Na ce ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata, ni ce ya kamata in bincika. Ba ta saurare ni ba. Ta juya fuska wajen bango, ta yi kuka marar sauti, irin na tsofaffi, kafaɗa kawai ke motsi. Can ta ce, kamar da bangon take magana, "Kuma ni na mintsine ki." Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yammacin nan ba, ko ranar da ta rasu, wata uku bayan haka, ban ji kamarsa ba.

Na daɗe ina fushi, ban ma san da wa ba. Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mugaye sun zalunci mace, ita kuma ta yi musu wayo da gwangwani ɗaya. Yanzu da na kai shekarun da Mama ke da su a lokacin, abin da ke hana ni sukuni shi ne mugayen ba su ne suka gama da ita ba. Mu ne, masu ƙaunarta. 'Yarta ta ɓoye don tsoro, Iya ta rufe don amana ta kuma hana tambaya don kunya, ni na yi ta cewa gobe. Abin da ya rage na Mai Majigi a duniya, iyakar sanina, shi ne wanda Iya ba ta kulle ba, wanda take fitarwa kowace yamma gaban hita ta ba wata yarinya mai amsawa da "Okay", da tuwonsa da maƙwabciyarsa mai gulma.

Ina da 'ya yanzu, Amira, shekararta takwas. Ita ma Baturiya ce, har ta fi ni. Lokacin sanyi idan mun dawo gida da duhu, nakan zaunar da ita jikin hitar bango, wadda ba ta da wuta balle a ga dutse a ciki, in ce ga wata baƙuwa nan daga bakin teku. Ina ba ta labarin har da Madam Pilar, har da kabad ɗin, kuma ba na ƙara kwale-kwalen da na ƙirƙira. Makon jiya da na kai ƙarshe ta tambaye ni da Turanci mene ne sunan Mai Majigi na gaskiya. Na ce ba wanda ya sani. Sai ta ce to Iya fa, ita mene ne sunanta?

Har cinyata sai da ta tuna mintsinin. A duk rayuwata ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, a fasfo kawai na gan shi, a cikin wancan kabad ɗin mai ɗumi. Na ce a raina, Iya ki yafe mini rashin kunyar nan.

"Hauwa'u," na ce. "Sunanta Hauwa'u. Maimaita in ji."

Ta maimaita, ta karkata shi irin na 'yan London. Na sa ta sake, har sau uku, sannan na tashi na ɗora tukunya.